Littattafai Sun Yi Yawa, Masu Nuna Na Kirki Sun Yi Kaɗan

Kukan da aka fi ji a duk taron da ya shafi adabi shi ne wai Bahaushe ya daina karatu, waya ta cinye lokacin yara, masu shagon littattafai sun koma sayar da kayan makaranta. Rabin wannan kuka gaskiya ne, rabi kuma rashin lura ne. Littafin takarda ya ja baya, babu musu. Amma da wuya a ce ƙagaggen labarin Hausa ya taɓa samun masu bi kamar na yanzu. Uwargidan da ta gama sanwa ta zauna hutawa, da ɗalibar da ke cikin adaidaita sahu, da mai shagon da ciniki ya lafa masa, da yawansu labari suke karantawa ko saurara a cikin wayar nan da ake zargi. Marubuta ma ba su ragu ba, ƙaruwa suka yi, domin yanzu ba a bukatar kuɗin maɗaba'a kafin a fitar da littafi. Abin da muka rasa shi ne mai nuni, wato mutumin da zai karanta sababbin littattafai da idon basira, ya fito a jarida ko a rediyo ya ce ga wanda ya kamata a nema, ga dalili, ga kuma wanda ya rubuta shi da inda ya fito. Ra'ayina shi ne wannan aiki na jaridunmu ne da gidajen rediyonmu, sun sake shi, kuma sakin nasa yana cutar marubucin kirki fiye da yadda tsadar takarda ke cutarsa.

In aka waiwayi yadda ƙagaggen labari ya fara a Hausa, za a ga bai taɓa zuwa hannun mai karatu shi kaɗai ba. Gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Waɗannan littattafai sun zo da hukuma a bayansu, da makaranta a gabansu, daga baya kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara a 1939, ta ƙara sanar da jama'a ko wane ne Imam tunda shi ne editanta. Haka aka sake yi da gasar kamfanin ɗab'i na NNPC wadda ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta a 1980, sannan gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ta ba mu Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya a 1982. Wani zai ce ai waɗannan sun shahara ne saboda kyansu. Suna da kyau, amma kyau kaɗai ba ya kai littafi ƙauye. An tace su, an zaɓe su, an sa su a manhaja, malami ya tsaya gaban aji ya faɗi sunan marubucin sau ɗari. Dalilin ke nan da ya sa dattijon da ya bar makaranta shekara hamsin da suka wuce zai gaya maka wanda ya rubuta Magana Jari Ce ba tare da ya yi tunani ba.

Ko zamanin da ake kira na adabin kasuwar Kano, wanda aka yi ta kushewa, yana da nasa masu nunin. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya, sai matasa suka shiga buga littattafansu da kansu. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya girgiza kasuwa da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, Bilkisu Ahmed Funtuwa ta biyo da Allura Cikin Ruwa. Babu hukuma a bayan waɗannan, amma akwai ɗan kasuwar da ya san abin da ke tafiya, akwai mai ba da haya a unguwa wanda ya san ɗanɗanon kowace mai aiko yaro, akwai gidajen rediyon da ke karanta littafi babi-babi suna ambaton mai shi. Ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama sukan jera sunayen littattafan 'yan ƙungiya a cikin kowane bugu, don wanda ya gama ɗaya ya san na gaba. Bangon littafi yakan zo da suna da adireshi, wani lokaci har da hoto, masu karatu su rubuto wasiƙa, marubuci ya amsa a littafi na biyu. Sama da duka, an yi muhawara mai zafi a jaridu. Ibrahim Malumfashi, wanda ya raɗa wa wannan adabi sunan kasuwar Kano yana kwatanta shi da na Onica, ya soke shi, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare shi, Ibrahim Sheme ya buɗe musu shafi suka yi ta gwabzawa shekara da shekaru. Ko mutum yana bayan wa, wannan cacar baki ta yi wa marubuta rana, domin an ambaci sunayensu, an karanta su, an auna su. Marubucin da ake jayayya a kansa ya fi wanda aka yi shiru da shi sa'a.

Yanzu dubi yadda littafi ke tafiya. Marubuciya tana rubutawa a waya, tana sakin shafi-shafi a zauren WhatsApp ko a Wattpad ko ArewaBooks, ta ba da somin-taɓi kyauta, in labari ya ɗau zafi ta ce daga nan sai an biya. Wannan tsari ya buɗe wa mata da yawa ƙofar da a da take rufe, musamman waɗanda ba su da jarin bugu ko damar zirga-zirga tsakanin maɗaba'a da kasuwa, kuma ba abin raini ba ne. Sai dai labarin da ya fita daga zauren da aka biya yakan shiga yawo daga waya zuwa waya, wani ya haɗe shafukan ya cire sunan mai shi, wani ya karanta shi a YouTube ya karɓi kuɗin talla, wani ma ya canza sunayen taurari ya ce nasa ne. Babu shekarar bugu, babu wurin bugu, babu wanda ya duba rubutun kafin ya fita. In ka tambayi mai karatu wa ya rubuta abin da ya hana ta barci jiya, sau da yawa sunan tauraruwar labarin za ta ba ka. Kuma abin da ke zaune a manhaja ba shi da tabbas: OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka ajiye littattafansu suna sayarwa, ta rufe a ƙarshen 2023. Littafin da aka buga a takarda a 1992 ana iya tsintarsa yau a akwatin wata tsohuwa ko a ɗakin karatu na jami'a. Wanda aka saki a zaure shekara biyar da suka wuce, in ba a yi sa'a ba, ya bi wayar da ta lalace. Sharhin jarida, ko da sakin layi huɗu ne, shi ne shaidar da za ta rage cewa wance ta rubuta littafi kaza a shekara kaza, kuma ga abin da ya ƙunsa.

Akwai masu cewa ai yawancin waɗannan rubuce-rubuce ba su cancanci a ɓata musu tawada ba, soyayya ce da kishi da batsa, jaridar da ta san mutuncinta ba za ta tallata su ba. Ba zan musa cewa akwai shara ba, akwai ta da yawa, kuma wasu na sayar da batsa tsirara da sunan labari. Amma wannan hujja ce ta a yi nuni, domin inda shara ta yi yawa nan ne ake bukatar mai tsince hatsi. Mun riga mun ga abin da ke faruwa in babu mai bambancewa. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata a Kano, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, shekara ta gaba kuma Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista a kuma riƙa duba rubutunsu kafin ya shiga kasuwa. Ko me mutum zai ce game da niyyar masu wannan aiki, hukuncin kuɗin goro ne, kuma bai hana abin da ake gudu ba. Rubutun batsa ya ƙaura zuwa waya inda babu hukumar da ke iya kai masa hannu, wanda ya sha wahala shi ne mai buga littafi da sunansa na gaskiya. Uban da ke tsoron abin da 'yarsa ke karantawa ba shi da inda zai duba a ce masa wannan ya dace da 'yar shekara goma sha biyar, wancan na manya ne, wancan kuwa a guje shi. Saboda haka ko dai ya hana duka, abin da ba zai yiwu ba, ko ya ƙyale duka. Mai sharhi yana ba shi hanya ta uku, kuma yana yin haka ba tare da ashana ba.

Batun sanin marubuci ya fi wannan zurfi, kuma a nan ne nake ganin an fi yin sakaci. Ɗauki Balaraba Ramat Yakubu. Ana iya karanta Wa Zai Auri Jahila? a matsayin labarin Abu, yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar da ita ga dattijon da ba ta so, ta gudu, ta nemi ilimi da kanta. Amma wanda ya san cewa ita marubuciyar an cire ta daga makaranta an yi mata aure tun ba ta wuce shekara 13 ba, kuma sai daga baya ta koma karatu a ajin manya, zai karanta littafin da wani ido. Zai gane cewa fushin da ke cikinsa ba aro aka yi daga Turawa ba, kamar yadda masu suka ke son cewa duk lokacin da mace ta yi maganar auren dole. Zai kuma yi mamakin cewa wannan ya faru ne a gidan da ya haifi shugaban ƙasa, domin ƙanwar Janar Murtala Muhammed ce. Haka Alhaki Kuykuyo Ne, labarin Rabi da mijinta Alhaji Abdu ya kora da 'ya'yanta tara bayan ya auro wata, ta koma sayar da abinci tana riƙe gida: ƙarfinsa yana cikin lissafin kuɗin cefane da kuɗin makaranta, irin lissafin da sai wadda ta zauna cikin mata ta ji yadda ake yinsa. Hafsat Abdulwaheed ma haka. So Aljannar Duniya labari ne na Bafulatana da ta so wanda ba ɗan ƙabilarta ba, kuma ta gina shi ne a kan abin da ya sami yayarta. Sanin cewa ita ce mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa, kuma daga baya har ta nemi tsayawa takarar gwamna a Zamfara, yana nuna wa yarinyar da ke rubutu a waya yau cewa tana da kakanni a wannan sana'a. Mai rubutun da ba ta san waɗanda suka gabace ta ba za ta yi ta maimaita abin da aka gama yi tun kafin a haife ta, tana zaton sabo ne.

Za a ce, kuma da gaskiya, littafi shi ya kamata ya tsaya da ƙafarsa, rayuwar mai shi ba ta gyara jimla mara kyau. Za a ƙara da cewa mata da yawa sun zaɓi sunan alƙalami ne da gangan, saboda miji ko dangi ko surutun unguwa, kuma a al'ummar da ake ɗaukar duk abin da tauraruwa ta aikata a labari kamar marubuciyar ce ta aikata, fito da fuskarta na iya kashe mata aure. Wannan damuwa ce ta gaske, kuma ɗan jaridar da ya tona asirin wadda ta ɓoye kanta ya yi laifi. Amma sanin marubuci ba ya nufin sanin gidansa. Abin da mai karatu ke bukata shi ne ya san cewa wannan suna, na yanka ne ko na alƙalami, shi ya rubuta littattafai kaza, ya fara da kaza, salonsa ya canza a kaza, ga abin da yake karantawa, ga yadda yake binciken abin da zai rubuta, ga amsarsa ga masu sukarsa. Ana iya yin hira mai ma'ana da marubuciya ba a buga hotonta ba, ba a faɗi unguwarsu ba. Hasali ma sunan da aka sani yana kare mai shi: in jarida ta rubuta cewa littafi kaza na wance ne, ɓarawon da zai cire sunanta ya sa nasa ya sami shaida a kansa. Kuma suna yana ɗaure marubuci. Wanda ya san za a auna sabon littafinsa da na baya, a kira shi a tambaye shi, ba zai saki abin da ya ga dama ba. Yawancin rubutun da ake kuka da shi yana fitowa ne daga inda babu wanda zai amsa.

Abin da ke ƙara nuna girman giɓin shi ne yadda 'yan Arewa masu rubutu da Ingilishi ke samun duk abin da na lissafa. Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, ya fitar da Season of Crimson Blossoms a 2015, labarin Hajiya Binta, bazawara mai shekara 55, da Reza, matashi shugaban 'yan daba mai sayar da wiwi, a wata unguwa a gefen Abuja, da tabon rikicin Jos a bayansu. Littafin ya ci kyautar adabi ta kamfanin NLNG ta dala 100,000 a 2016, aka yi sharhinsa a jaridun gida da na waje, aka yi hira da marubucin har ba adadi. A 2023 ya sake fitowa da When We Were Fireflies, inda wani mai zane ya shiga tashar jirgin ƙasa a Abuja sai ya fara tuna cewa an taɓa kashe shi a wata rayuwa. Elnathan John ya rubuta Born on a Tuesday, labarin Ɗantala almajiri da yadda rikicin siyasa da na aƙida ya ja shi har Sakkwato. Duk wanda ke iya Ingilishi ya kamata ya nemi waɗannan, ko da zai gama yana jayayya da su, kuma akwai wuraren jayayya. Mai son ya yi fushi da Hajiya Binta ya karanta tukuna. Amma a lura da abin da ya faru: mutanen cikin labaran nan Hausa suke yi, a unguwanninmu suke zaune, duk da haka mai karatu a Legas ko Landan ya fi mai karatu a Gusau sanin su, kuma jaridun Hausa ba su cika ɗaukar nauyin gabatar da su ga masu su ba. A ɗaya ɓangaren kuma, Alhaki Kuykuyo Ne ya shekara sama da ashirin a hannun masu karatun Hausa, amma sai da Aliyu Kamal ya fassara shi, wani kamfani mai suna Blaft a Indiya ya buga a 2012, sannan duniya ta shiga rubuta sharhi a kansa. Hotunan marubuta mata na Kano da suka fi yawo a duniya wata Ba'amurkiya ce, Glenna Gordon, ta ɗauka ta tara a littafi. Babu laifi baƙo ya yaba, abin kunyar shi ne a ce sai ya yaba muke waiwaya.

Wasu za su nuna gasanni su ce ai ga masu nuni nan. Lallai Hikayata ta BBC Hausa, tun da aka fara ta a 2016, ta yi abin a yaba. Ta fito da Aisha Muhammad Sabitu da labarinta Sansani a kan 'yan gudun hijira, da Maimuna Idris Sani Beli a 2017, da Safiyya Jibril Abubakar a 2018, da Maryam Umar da Rai da Cuta a shekarar korona, har ta tsallaka iyaka a 2022 lokacin da Amira Souley daga Jamhuriyar Nijar ta zo ta ɗaya. An ji muryoyinsu, an san garuruwansu, an karanta labaransu a rediyo. Cibiyar Gusau da ke Kaduna ita ma ta riƙa shirya gasar rubutun Hausa, kuma tun 2021 akwai bikin littattafai da fasahar Hausa da Sada Malumfashi ya assasa a Kaduna, bayan na KABAFEST da aka fara a 2017. Amma gasa sau ɗaya take zuwa a shekara, tana ɗaga mutum uku ta bar ɗaruruwa, kuma Hikayata gajeren labari ne da bai wuce kalma 1,500 ba. Tambayar da babu mai amsawa ita ce me gwarzuwar bara ta rubuta bayan an gama tafi. In ta fitar da cikakken littafi, wa ya karanta ya gaya mana ko alƙawarin da gajeren labarinta ya ɗauka ya cika? Gasa tana gano marubuci, bibiya ce ke rainonsa, kuma bibiya aikin mako-mako ne.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan abin da nake kira gare shi ita ce ta son kai. Duniyar marubutan Hausa ƙarama ce, kowa ya san kowa, ana haɗuwa a biki da suna. In aka buɗe shafin sharhi, ba zai koma wurin yabon abokai da 'yan ƙungiya ba? Haɗarin yana nan, kuma mun ga samfurinsa a bukukuwan ƙaddamar da littafi, inda mai sharhi ke tashi ya yi wa marubuci kirari, ya yi wa babban baƙo kirari, a sanar da gudummawa, a watse babu wanda ya buɗe shafi na goma. Ga kuma kara da alkunya, waɗanda ke sa ya yi wa mutum nauyi ya ce littafin Hajiya wance ya yi tsawo ba dalili. Maganin wannan yana cikin yadda ake rubuta sharhin. Sharhin da ya ce littafi ya yi daɗi, ya faɗakar, ya nishaɗantar, bai ce komai ba, kuma shi ne irin wanda ake yi wa aboki. Sharhin da ya faɗi jigon labari ba tare da ya tona ƙarshensa ba, ya nuna inda zubi ya yi rauni, ya ce tauraron nan attajiri ne tun shafin farko amma ba a taɓa nuna mana sana'arsa ba, ya ce an kai mu asibiti amma marubuciyar ba ta binciki yadda ake jinyar cutar da ta ambata ba, ya yaba hirar da ke tsakanin kishiyoyi saboda haka mata ke magana da gaske, ya kuma yi maganar ƙa'idar rubutu, wato raba kalmomi da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ da suka zama abin wasa a rubutun waya, irin wannan sharhi mai karatu na iya gwada shi da littafin ya ga ko an yi gaskiya. Mai sharhin da ya yabi abin banza sau biyu zai rasa masu saurarensa, wannan kuwa horo ne da ya fi kowace doka. Edita kuma yana da nasa: kada ya karɓi kuɗi a kan sharhi, in talla ce a rubuta talla ce, kada ya ba mutum littafin ɗan ƙungiyarsu.

Ba ƙwararru muka rasa ba. Sassan Hausa na Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo da Umaru Musa 'Yar'aduwa suna yaye ɗalibai kowace shekara waɗanda suka rubuta kundi a kan jigo da salo a littattafan zamani, an yi nazarin 'Yartsana na Ibrahim Sheme da Mace Mutum na Rahma Abdulmajid da rubuce-rubucen Nazir Adam Salih, amma kundayen suna kan kanta sun yi ƙura, an rubuta su da harshen da sai mai duba jarrabawa. Malamin da zai iya rubuta shafi ɗari uku a kan littafi ba zai gagara rubuta kalma ɗari shida da mai sayar da goro zai fahimta ba, in an nema daga gare shi kuma an biya shi ko da kaɗan ne. A ɗaya gefen akwai masu karatun zauruka, mata musamman, waɗanda sun karanta sababbin littattafai fiye da kowane farfesa, suna kuma ba juna shawara kullum. Shawararsu tana da amfani, sai dai tana mutuwa a cikin zauren, kuma ta fi karkata ga abin da ake yayi. Jarida ce za ta iya haɗa waɗannan biyun, ta ɗauko mai yawan karatu ta koya mata faɗin dalili, ta ɗauko mai ilimin tarke ta sa shi karanta abin da aka rubuta bana.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin Aminiya ko Leadership Hausa ko kowane gidan rediyo mai zaman kansa a Kano da Kaduna da Maraɗi da Damagaram ba: shafi ɗaya ko rabin awa a mako, littafi ɗaya da ya fito cikin shekara biyun da suka wuce, a takarda ne ko a waya, da cikakken sunansa da na mai shi da shekarar da ya fito da inda ake samunsa da farashinsa, sai hira da marubucin sau ɗaya a wata. Gidajen rediyon da ke karanta littattafai sun riga sun yi rabin aikin, saura su ware minti goma a ƙarshen kowane littafi su kira mai shi, su bar masu sauraro su yi masa tambaya. A riƙa tsallaka iyaka da gangan, domin mai karatu a Zinder da na Zariya harshe ɗaya suke karantawa amma da wuya ɗaya ya san abin da aka buga a garin ɗaya. A kuma riƙa ajiye abin da aka buga a inda za a same shi, a aika wa ɗakunan karatu na jami'o'i kwafi. Jarida ɗaya da ta riƙe wannan tsawon shekara za ta tara bayanin littattafai hamsin da hirar marubuta goma sha biyu, kuma malamin sakandaren da ke neman sabon littafin da zai ba 'yan ajinsa zai sami wurin dubawa.